Zogalen Malam Ya Cika da Ganye

Assalamu alaikum ya Ustaz, da duk masu saurarenmu. Ni ce Hawwa, daga wani ƙauye kusa da Abu Hujar.

Gonarmu ta bakin kogi ta gaji, takin zamani ya daina yi mata komai. Sai maigidana, Malam Isiyaku, ya koyo wata dabara. Yakan daka ɗanyen ganyen zogale, ya tace, ya sirka da ruwa, ya fesa wa tumatir. Ya ce ba taki ba ne, ƙarfin jiki yake ba shuka. Tumatir kuwa ya yi ta 'ya'ya.

Kullum sai mun yi faɗa, don zogalen tsakar gidana yake tsigewa. In ce, "Malam, tumatir ya cinye, mu da me za mu yi kwaɗo?" Sai ya yi dariya ya ce, "Hawwa, zo ki ga yadda ake haɗawa." Ni kuwa ina fushi.

Bara zazzaɓi ya ɗauke shi. Bana na haɗa da kaina, shukar ta yanƙwane. Don Allah, wanda ya san awon ruwan ya taimake ni. Ga zogale nan ya cika da ganye, babu mai tsigewa, wallahi ko kwaɗon na kasa ci.