Takin Birni

A tashar Makarfi, wani dattijo riƙe da igiyar akuya, babu akuyar, ya tsaya gun wani direban tifa.

"Sannu, yaro. Kai ke kawo mana sharar birni muna zubawa a gona?"

"Ni ne, Baba. Ku kuka ce takin zamani ya fi ƙarfinku."

"Akuyata ta yi kiwo a wurin, ta mutu. Da mahauci ya farke cikinta, leda ce cunkus."

"Ai sai ku riƙa tsincewa kuna ƙonawa."

"Muna ƙonawa. Hayaƙin ne ya kwantar da jikata, tun kaka take tari."

"Allah ya ba ta lafiya. To, bana in daina kawowa?"

"In ka daina, me za mu ci? Ka kawo kafin ruwa ya sauka."