Ranar da Na Tura Wakili Gwajin Jini

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, Malam Kamaldeen, limamanmu da malamanmu, dattawan zango da suka taso daga Salaga, da waɗanda suka sha doguwar hanya daga Bawku, da namu na nan Yendi masu masaukin baƙi, iyayenmu mata, ma'aikatan lafiya, 'yan'uwana mahauta, masu yanka da masu fiɗa da masu tsire, ku da kuka zo don jawabi, da ku da kuka zo don shinkafa, kowa da kowa, barkanku da zuwa.

Na hango wasu can baya suna tambayar juna, wai wannan dattijo mai tumbi wane ne? Ba laifinku ba ne. Ni ne Alhaji Abdul-Nasir, shugaban ƙungiyar mahautan garuruwan nan uku. Shekara ashirin da biyu ina kan kujerar nan, kuma yau ne karo na farko da na zo taronta da ƙafata. Wanda kuka saba gani cikin babbar rigata da hulata yana karanta muku jawabina, ƙanena ne Mukaila, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga shi can a gaba, an ɗora masa ƙafafu a kan benci. Ku riƙe maganar ƙafafun nan, za mu dawo kanta.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga kwamitin da ya shirya zaman nan, da matan da tun asuba hayaƙi yake cin idonsu. Ina kuma godiya ta musamman ga Malama Lamisi, nas ɗinmu 'yar Bawku, wadda take yawo gida-gida a kan babur da akwatin ƙanƙara a baya, tana roƙon ƙarti su ba ta jini cikin 'yar kwalbar da ba ta kai yatsa ba.

An ce in yi magana a kan gwajin hanta da ƙoda da ake zuwa a yi wa mutum har gida. To, magana ta farko: abin nan ba shi da wuya. Ba ka hawa lori, ba ka bin layi, ba wanda zai gan ka a ƙofar asibiti ya je ya ce Alhaji ya kusa. Kana zaune a zaurenka za a zo da safe, a ɗaure maka damtse, a ɗibi jini kaɗan, a kai Tamale a auna. Bayan kwana biyu ko uku a kira ka. In lafiya ƙalau ne, ka gode wa Allah. In an ga wani abu, a ba ka takarda ka je wurin likita ya ƙara dubawa. Ma'aikatan lafiya sun gaya mana hanta da ƙoda ba su da ƙorafi. Haƙori in ya yi ciwo, unguwa sai ta ji. Su kuwa waɗannan sukan daɗe suna lalacewa mai su yana ta harkarsa, bai san komai ba.

Magana ta biyu: duk duniya ba wanda ya kamata ya gane wannan kamar mahauci. Mu ne za mu je kasuwar Gushegu mu sayo sa mai tozo, mai sheƙi, kowa ya ce tubarkalla. A kai mayanka a buɗe ciki, a tarar da hanta duk tsutsa. Mu ne muke tsayawa likitan dabbobi ya tsaga hantar, ya juya ƙodar, kafin ya buga hatimi. Ni nan na duba hantar shanu ta fi dubu goma, daga nesa nake gane mai ciwo. Amma tawa, wadda na yi shekara sittin da ɗaya ina yawo da ita, ban taɓa tambayar lafiyarta ba.

Kuma ba don muna tausaya mata ba. Mai magani zai tsaya a tashar mota da lasifika, da jarka, da ruwa baƙi ƙirin, ya ce yana maganin cuta arba'in da huɗu, daga basir har rashin ciniki, mu shanye kofi biyu ba mu tambayi sunansa ba. Baya ya yi ciwo, mu haɗiye ƙwaya huɗu da safe, huɗu da yamma, shekara da shekaru. Amma a ce kawo hannu a duba ɓarnar da aka yi, sai kowa ya zama malami. Mutanen Salaga suka ce wa Malama Lamisi wanda ya tashi da ruwan rijiyoyinsu ƙodarsa a wanke take tun haihuwa. Na Bawku suka ce albasa ta gama musu komai. Mu na Yendi ba mu ba da dalili ba, mun fi ƙarfin haka: muka ce ta dawo jibi, kuma jibin nan har yau bai zo ba.

Magana ta uku tawa ce, kuma da na samu yadda zan tura wani ya faɗe ta, wallahi da na tura.

Kun san al'adarmu. Babban mutum ba ya zuwa ko'ina, wakili yake turawa. Suna a Salaga, Mukaila. Zaman makoki a Bawku, Mukaila. Ɗaurin aure a Paga, Mukaila. In ya sa rigata ya zauna, ana kiransa Alhaji, a ba shi kujerar Alhaji da cinyar kazar Alhaji, ba wanda yake ganin an yi ƙarya, don wakilin sarki, sarki ne.

Da aka kawo shirin gwajin nan, ni na fara rubuta sunana. Shugaba ai shi ne a gaba. Ranar Talata da safe Malama Lamisi ta yi sallama a ƙofar gidana, kuma ba ta taɓa ganina ba. Na leƙa ta taga, na ga tana buɗe akwati, na ga allura. Jama'a, ni da nake kayar da bijimi in yanka ko gezau, sai ga ni na ja da baya daga tagar. Gaskiyar Bahaushe, wanzami ba ya son jarfa. Na juya na ga Mukaila ya shigo gaishe ni kamar kullum. Na miƙa masa hula, na ce, "Je ka wakilce ni."

Bai ce me ya sa ba. Bai taɓa ce mini me ya sa ba. Ya sa hula, ya fita zaure, mutanen gida suka ce ga Alhaji nan, ya miƙa hannu. Aka ɗiba, aka rubuta sunana a jikin kwalba. A raina na ce ai ɗan'uwa rabin jiki ne, nono ɗaya muka sha, tuwo ɗaya muke ci, abin da ke cikinsa shi ke cikina.

Ranar Juma'a ina bakin tebur a kasuwa sai ga waya. Kun san mu dattawa, wayarmu kullum a lasifika take. Malama Lamisi ta tambaye ni ko ni kaɗai ne, don maganar ta sirri ce. Na ce ni kaɗai ne. Mahauta goma sha biyu ne kewaye da ni, da mata uku masu sayen ƙashi. Ta ce hanta da sauƙi, amma ƙoda ta nuna alamar gajiya sosai, lallai in ga likita a Tamale cikin makon nan, kada in jinkirta.

Kafin a sauko daga masallaci, labari ya kai Bawku.

To, a nan ne fa ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar ta isa: ba jinina ba ne wannan. Amma in na faɗa, sai a tambaya na wane ne, in an ji na wane ne, sai a tambayi dalili, kuma dalilin shi ne shugaban mahauta na tsoron allura. Sai na ce bari in bari ƙura ta lafa, gobe na faɗa.

Ƙura ba ta lafa ba, lori ta hawo. Mutanen Salaga suka zo dubiya da goro da doya. Mutanen Bawku suka zo da buhun albasa, ba shakka don su nuna mini abin da na rasa. Wani da muka yi shekara shida ba ma magana ya zo ya riƙe hannuna yana kuka yana neman gafara. Matata Hajiya ta kwashe gishiri daga miyata, ta hana ni nama, ni da nama ya rene ni. Aka shimfiɗa mini katifa a falo, aka kunna fanka. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: abin ya yi mini daɗi. Ban taɓa sanin ana sona haka ba. Na koyi nishi. Na koyi amsa gaisuwa da ƙaramar murya.

Wa yake tsaye a zaure yana tarbar masu dubiya, yana shimfiɗa tabarma, yana raka su tasha? Mukaila. Wa yake zuwa mayanka da sassafe a madadina? Mukaila. Ina kallonsa ya daina sa takalmin roba na aiki ya koma silifa, ban tambaya ba. Ina kallon fuskarsa da safe a kumbure, na ce barci ne. Na yi ta gaya wa kaina ƙila na'ura ce ta yi kuskure, ƙila bai gane ba, ƙila ya manta.

Mako biyar aka yi a haka. Da Malama Lamisi ta ga takardar ganin likita da ta rubuta ba a zo an karɓa ba, ta hau babur ta zo da kanta. Aka shigo da ita falo, aka ce ga mara lafiya. Ta dube ni a kan katifa, ƙato, mai sheƙi, kamar san Gushegu. Ta ce, "Baba, ina Alhajin da na ɗibi jininsa?"

Mukaila yana tsaye a bakin ƙofa da butar ruwa a hannu. Ba ta dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ta duba. Ta ce ya zauna, ta danna yatsa a ƙaurinsa, ta ɗaga, wurin ya lotsa bai taso ba.

Na ce da shi, Mukaila, sakamakon nan naka ne. Ina tsammanin zai firgita. Sai ya ce, "Na sani, Yaya. Tun ranar Juma'ar na sani. Na ga ba ka yi magana ba, ni kuma ban saba riga ka magana ba."

Jama'a, an zage ni a rayuwata, an cuce ni, ba abin da ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan ladabin. Ni ina shiru don kunya, shi yana shiru don ya rufa mini asiri, ƙodarsa kuwa ba ta san kunya ba, ba ta san girman yaya ba, tana ta tafiya. Mako biyar ina cin doyar da aka kawo wa ciwonsa.

Washegari na kai shi Tamale, ni da kaina. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a sani ba, ga ƙwayoyin ciwon baya da ya yi shekaru yana sha, don bayan nasa da ya gaji a kan hanyoyin da ni ya kamata in bi. Na tambaye shi ko mun makara. Ya ce ba a kai ga injin wankin ƙoda ba tukuna, kuma za a yi ƙoƙari kada a kai, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ban tambaye shi nawa ne ya tafi cikin mako biyar ɗin nan ba. Na ji tsoron ya ba ni amsa.

Saboda haka ina roƙonku. Ku tura wakili suna, ku tura wakili biki, ku tura shi ya ci muku cinyar kaza. Amma in an zo ɗibar jini, hannun da sunansa ke jikin kwalba shi za a miƙa. In an kira ka a waya an ce kai kaɗai ne, ka kashe lasifikar nan don Allah. In an ba ka takarda, ka kai ta a makon, kada ka sa ta cikin aljihun rigar Sallah. Ku kuma ƙanne da mata da almajiran sana'a masu biyayya, biyayya ado ce, amma in ƙafarku ta kumbura, ku riga mu magana. Mun yafe muku tun yanzu.

Wani abu ya rage. Har wannan lokaci da nake tsaye a gabanku, ba a taɓa ɗibar jinina ba. An duba ni, an yi mini addu'a, an hana ni gishiri, duk a kan jinin wani. Ban san abin da ke cikina ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin tsoro, na allurar da na amsar. Malama Lamisi, 'yata, na ga akwatinki a ƙarƙashin tebur. Da na sauka daga nan, ki fito da shi a gaban jama'a. Ki dubi fuskata da kyau kafin ki rubuta suna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya tsare mana abin da muke gani da abin da ke ɓoye a cikinmu. Allah ya zaunar da Bawku lafiya, ya zaunar da Salaga da Yendi da ƙasarmu Ghana baki ɗaya lafiya. Allah ya mayar da baƙinmu gidajensu cikin aminci. Allah ya ba ƙanena sauƙi, ya ba ni tsawon ran da zan wakilce shi ko rabin yadda ya wakilce ni.

Mukaila, kada ka tashi, ni zan zo inda kake. Ajiye hannunka, ba shi za a ɗiba ba. Ka riƙe mini ɗayan nawa kawai.

Wassalamu alaikum. Na gode.