Injin da Ɗumi

A rumfar wani gareji, mai saye ya dafa murfin injin wata tsohuwar mota, dattijon da ke sayarwa na kallonsa.

"Baba, injin nan da ɗumi. Ban ce kar a tayar da ita sai na zo ba?"

"Rana ce, ɗana."

"Rana a cikin rumfa? Wannan sabon yashin da aka zuba ƙarƙashinta fa, ɗigon mai yake rufewa?"

"Tsafta ta zama laifi? Shekara arba'in tana hannuna, ba ta taɓa kunyata ni ba."

"To, gobe da sassafe ni zan tayar da ita da kaina."

Dattijon ya sosa ƙeya.

"To... ka taho da mutum uku masu turawa."