Ranar da Inna Ta Riƙe Ni a Kan Fararen Kibau

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, mai unguwar Sheshe, liman da na'ibinsa, iyayenmu mata da ke cikin rumfa, abokan sana'ata na Kasuwar Kurmi da suka rufe shaguna suka zo, da sauran jama'ar da suka cika wannan fili, barkanku da zuwa.

Sunana Ashafa, mai sayar da kanumfari da citta. Ni ne baffan Ikram, wadda muka taru domin taya ta murnar zama kyaftin ɗin jirgin sama. Na gode wa wanda ya kafa rumfa, na gode wa wadda ta hura wuta, na gode wa wanda ya zo da ƙafarsa da wanda ya aiko da addu'a.

Magana ta farko, wannan karatu a tsakar gidanmu aka sha wahalarsa. Duk hutun da Ikram ta zo daga makarantar tuƙi, sai ta ɗauki alli ta zana titin tashin jirgi tun daga bakin rijiya har ƙofar kicin. Ba ta da abokin bita sai kakarta, mahaifiyata Hajiya 'Yardada, ga ta can zaune tana hararata. Tsohuwa ta riƙe sanda tana nuni, jika tana amsawa. Ni kuwa in tsallake zanen in tafi kasuwa, ban taɓa tambayar ma'anar layi ɗaya ba.

Magana ta biyu, Inna tana son zuwa Umara, amma ta ce ba za ta hau jirgin da babu jikarta a gaba ba. Shekaru suna tafiya, gwiwa tana ƙara nauyi, mu muna fargabar kada ƙarfin Umara ya wuce ta. Da Allah ya nufa, aka sa Ikram a layin da muke so tana mataimakiyar matuƙi, ni kuma aka ce in raka tsohuwa. Jama'a, ni ko tsani ba na so.

A hanyar dawowa muka yada zango a wata ƙasa. Rana tana ƙuna, jirgi ya cika maƙil da mutane da kaya. Da za mu tashi na leƙa taga, na hango inda na ɗauka nan ne farkon titi, wurin da aka jera fararen layuka kamar haƙoran mataji. Sai jirgi ya bar wurin, ya yi can ƙarshe, ya juyo ya tsaya a kan wasu fararen kibau. Bayanmu kaɗan kwalta ta ƙare, sai ciyawa. Inji ya fara ruri. Na ce a raina, yarinyar nan ta ɓata hanya! Na kai hannu zan kwance bel in miƙe in yi kururuwa. Da na yi, da ban san inda zan sa fuskata a gaban abokan aikinta ba.

Inna ta damƙe mini hannu. Ta ce, "Auta, zauna. Me ka gani?"

Na ce, "Inna, ba mu kai titi ba za ta ba shi wuta."

Ta ce, "Wane launi ne a ƙarƙashinmu?"

Na ce, "Fari, kibau."

Ta ce, "To nan an yarda a fara gudun tashi, sauka ce ba a yi a kai. Jirgi ya yi nauyi, gari ya yi zafi, tsawon titi take nema. Da ruwan ɗorawa ka gani mai kama da sawun kaza, shi ne ba a takawa, da ni zan riga ka ihu. Karanta addu'arka."

Ban kai ƙarshen addu'ar ba muka rabu da ƙasa, lafiya lau, ko ruwan kofi bai zube ba.

Magana ta uku gare ku ce, iyaye. Idan yaro ya zo da karatun da ba ku sani ba, ku zauna kusa da shi. Ba sai kun iya ba, ku dai riƙe masa sanda, domin da abokin daka akan sha gari.

Da muka sauka Kano, Ikram ta fito da hularta ta durƙusa gaban kakarta, tana jiran yabo. Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ƙawata, tuƙi ya yi. Amma gobe ki sa wa baffanki kujera nesa da taga."

Allah ya tsare Ikram a sama da ƙasa, ya tsare duk ran da aka ba ta amana. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya albarkaci 'ya'yan Sheshe maza da mata, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.