Hayaƙin da Muka Gani Ranar Bikin Lavinia

Mai girma shugaban wannan taro, Dattijo Lemuel Hatch. Mai girma Fasto Whitcomb. Dattawan kwamitin makabarta. Mista Silas Prindle, mai injin niƙa, wanda ƙorafinsa ya tara mu. Iyayenmu mata da ke bencin baya. Manoma da maƙwabta. Da ku tsofaffin ɗalibaina da kuka cika ɗakin nan kuna kallon takalmanku, ina yi muku barka da yamma.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, ko da yake na san ba marmarin muryata ake yi ba. An saba ne. Duk lokacin da ƙauyen nan yake son a yi wa wani abu ado da kalmomi, sai a ce a kira tsoho Ephraim Coldwell, ai ya yi kwaleji a gabas, ya iya jera zance. Na yi muku jawabin aure, na yi muku jawabin jana'iza, na yabi masu halin yabo da waɗanda ba su da shi. Yau ban zo da ado ba.

Abin da ke gabanmu ɗaya ne. Mista Prindle ya nemi a tono gawar Keziah, matar Jotham Beale, a mayar da ita gefen shinge, domin kabarinta ya faɗa cikin filin da aka keɓe wa gidan Prindle a makabarta. Gaskiya ne, ya faɗa. Na je na gani da idona. Amma kafin a ɗaga hannu, ku ba ni aron kunnuwanku a kan abu uku.

Na farko, al'ada. Tun da iyayenmu suka sare dajin nan suka kafa gari, mutum ba ya haƙa kabarin nasa. Maƙwabta ke haƙawa, maƙwabta ke ɗauka, maƙwabta ke rufewa, mai rashi nasa kuka ne kawai. In lokacin sanyi ne, ƙasa ta daskare kamar dutse, mukan tara itace mu hura wuta a wurin, ta ɗan saki mu haƙa, mu sake hurawa mu sake haƙawa, wannan ya gaji wancan ya karɓa. Saboda haka babu yaro a ƙauyen nan da zai ga hayaƙi a kan tudun makabarta ya tambayi ma'anarsa.

Na biyu, abin da ya faru, domin na lura tun da ƙanƙara ta narke ƙwaƙwalwarmu ma ta narke tare da ita. Keziah ta cika da safiyar ranar da aka ɗaura auren Lavinia, 'yar Mista Prindle. Jotham ya tako da ƙafa har gidan biki, hularsa a hannu, ya sami Enoch Tubbs, mai kula da makabarta, yana gyara gogensa, domin shi ne makaɗin ranar.

Ya ce, "Enoch, Keziah ta tafi. Ka kaɗa mata ƙararrawa, mutane su ji."

Enoch bai buɗe baki ba uwar amarya ta leƙo daga kicin, ta ce, "Wayyo, Allah ya ji ƙanta. Amma ƙararrawar mutuwa ranar auren 'yata? Haba Jotham, kai ma ka san ba a yi. Ka yi haƙuri zuwa gobe, ai ba inda za ta."

Ba inda za ta. Jotham ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ga abin da kowane manomi a nan ya gani, cewa hadari ya haɗo, in ƙanƙara ta sake sauka hanyar gidansa ta toshe ke nan sai bayan makonni. Ya mayar da hularsa, ya juya.

Da la'asar muna cikin babban rumbun katako na Mista Prindle, mai faɗin ɗakin taro, ana cin naman talotalo, ana zuba ruwan tuffa, ana rawa har katako na girgiza, sai hayaƙi ya tashi a kan tudu, baƙi, a miƙe, ƙofar rumbu kuwa a buɗe tana kallonsa. Mun gani. Fasto ya gani, dattawa sun gani, ni ma da ke zaune a teburin manya na gani. Wani daga cikinku, ba zan kira sunansa ba, ni na koya masa rubuta shi, ya ce, "Kai, ku duba! Jotham na ɗumama wa tsohuwa ɗaki!" Aka yi dariya. Wani ya ce, "Anya ba za mu leƙa ba?" Aka ce masa, "Zauna, sarkin tausayi, a gama wannan rawar tukuna." Aka gama, aka shiga wata. Daga baya wata baiwar Allah ta ce iska na damun amarya, aka rufe ƙofa.

Turakun da ke raba filin wannan gida da na wancan suna ƙarƙashin ƙanƙara, wanda ya san wurinsu kuma yana goga mana goge. Jotham ya haƙa inda ya iya, gindin babban itacen nan, inda iska ta share ƙasa. Shi ya hura, shi ya haƙa. Da ya zo saukar da akwati babu mai riƙe masa ɗaya bakin igiya, sai ya naɗe ta a jikin itacen. Ku je ku duba, sawun igiyar yana nan a ɓawo.

Wannan kuwa Keziah ce, wadda ta wanke gawar mahaifiyarka, Mista Prindle, ta rufe mata ido. Keziah ce, wadda ta ɗinka rigar da Lavinia ta yi rawa da ita a ranar, tana ɗinki tana kau da kai don kada tarinta ya ɓata farin yadi.

Shekaru na yi ina koya muku ƙidaya da rubutu, ina sa ku haddace labarin Basamariyen da ya tsaya wa wanda aka yasar a hanya. Kun haddace, wasunku har kyauta suka ci. Idan baƙo ya tambaye ni yau wa ya koyar da mutanen garin nan, sai in ce wani malami ne, ya daɗe da mutuwa.

Na uku, kuma na ƙarshe. Na je wurin Jotham makon jiya, na same shi yana gyaran garma. Na ce masa ya zo ya yi magana da bakinsa. Bai ko ɗago ba, ya ce, "Malam, me zan ce musu? Su tono ta in suna so. Amma ka tambayar mini su, wa zai haƙa? Ni dai na haƙa sau ɗaya." Yana waje yanzu haka, zaune a keken dokinsa, ya ƙi shigowa, yana jira ya ji ko matarsa za ta kwana inda ya kwantar da ita.

Mista Prindle, an ci maka fili, ban musa ba. To ga nawa. Yana kusa da ƙofar makabarta, busasshen wuri, faɗin mutum biyu, na tanade shi tun lokacin da nake zaton wata za ta yarda ta aure ni. Ɗauka, a gaban shaidu na ba ka. Ni ku sa ni gefen shinge, inda kuke son kai ta. In kuma na mutu ranar biki, kada kowa ya ajiye cokalinsa, ba ni da Jotham da zai tayar muku da hayaƙi.

Idan duk da haka taro ya ga a tono ta, to taro ne mai iko. Na aro shebur ɗin Jotham, ga shi can jingine a bakin ƙofa. Duk wanda ya ɗaga hannu, ya ɗauka in zai fita, hanyar tudu kuwa ta gaban keken dokinsa ta bi.

Allah ya ji ƙan Keziah, ya bar ta ta huta. Allah ya sanyaya zuciyar mijinta. Allah ya albarkaci auren Lavinia, domin ita ba ta rufe ƙofa ba. Mu kuma da muka gani, Allah ya ba mu maƙwabtan da suka fi mu.

Shugaba, na gama. Na gode.