Zumuncin Kwalbar Magani da Albasar Lawali

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wanga taro, iyayenmu hakimai da dagatai, Allah shi ƙara muku lafiya. Malamanmu, malaman gona, iyayenmu mata, manoman Danchadi, Mandera da Kajiji, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ne Sha'aibu, shugaban manoman albasa na fadamarmu, kuma na gode da kunka bar ban ruwa kunka amsa kira.

Jama'a, na zo da labarin da ya shafe mu duka. Kun san albasar maƙwabcina Lawali. Tabo ya kama ganyenta, ya yi feshi, ya sake, ganye sai bushewa yake kamar an watsa mishi ruwan zafi. Munka ɗora laifi kan mai shago, munka ce jabu ya sayar. Malamar gona, Hajara, ta tsinki ganyen ta kai ɗakin gwaji. Da ta dawo sai ta ce mini: "Baba, maganin na gaskiya ne. Cutar ce ta daina jin shi, kuma ku kunka koya mata."

Na ce ta yi mini bayani, ga abubuwa uku da ta faɗa mini.

Na farko, al'adarmu ce wanda ya sayi kwalba ba ya hana ɗan'uwa. A tsiyaya ma wannan murfi guda, a tsiyaya ma wancan, kowa ya cika da ruwa don ya ishi gonarsa. Mu muna ganin zumunci, ashe tsararon magani raunanan ƙwayoyin cuta kawai yake kashewa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Na biyu, shekara da shekaru magani ɗaya muke maimaitawa, ba mu taɓa canzawa ba. Na uku, daga yau wanda ya ga tabo ya kai ganye a duba tun kafin ya taɓa famfon feshi.

Saura magana mai nauyi. An ce a tuge albasar Lawali a ƙona, kada iska ta kwaso cutar zuwa gonakinmu, ga shi ita ce irinsa na baɗi. Bawan Allah ya yarda. Kuma duk fadamar nan, wa ya kai shi rabon magani? Don haka wanda ya san ya taɓa miƙa murfi Lawali ya tsiyaya mishi, gobe da safe ya zo da fartanya, ya zo kuma da iri.

Allah shi mayar mishi da alheri, shi tsare amfaninmu, shi kai kowa gida lafiya. Na gode.