Na Zauna Jiran Su Kawo Wuta

Aikin farko yau: rubuta wannan wasiƙa.

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni mai gadin wani bene ne a unguwar Sultana, a nan ƙasar waje. Ranar Talata da azahar wuta ta ɗauke. Tsohuwar gidan, Hajiya Zainaba, ta leƙo ta ce, "Malam Sani, zafin nan zai kashe ni."

Na ce, "Haƙuri, Hajiya, za su kawo," kamar ina Kano.

Ashe ma'aikatan lantarki da na gas suna aiki tare a bakin titinmu, ban tambaye su ba. Da la'asar ɗayansu ya shigo, ya sa na buɗe akwatin wutar gidan, ya ɗaga makunni ɗaya. Wuta ta dawo, amma an riga an kai Hajiya asibiti.

Masu sauraro, da wane baki zan nemi gafararta?

Gobe: koyon akwatin nan, sai zuwa asibiti, in na iya haɗa ido da ita.